Wa Zai Hau Maka Bishiya a Aljirif?

A Aljirif ta Khartum, ko ta yamma da ke kusa da Titin Sittin ko ta gabas da ke hayin Shuɗin Nilu idan ka tsallake Gadar Manshiya, ba a rasa mai saran bishiya. Unguwa ce da ta tashi a kan lambuna, don haka kusan kowane gida yana da dogonyaro ko mangwaro ko lemun tsami da wani kaka ya dasa. Da zarar watan Mayu ya kama, guguwar habub ta fara turnuƙe gari, sai maigida ya ɗaga kai ya tuna da reshen nan da ya leƙo saman ɗakin Hajiya. Aikin ya ƙaru tun da jama'a suka fara komawa gidajensu bayan sojoji sun karɓe Khartum a watan Maris na 2025: wasu bishiyoyin ƙishirwa ta kashe su a tsaye, wasu kuwa sun samu sake, sun yi girman da ba a tambaye su ba. Mai gatari ba ya yawo da takardar shaida, sai dai ka karanci mutum tun daga sallamarsa.

Wanda ya fi kowa daɗin baki shi ne mai cewa ba zai karɓi ko sisi ba. "Haba Alhaji, ni da kai? Itacen kawai zan kwashe maka, kada ya tare hanya." Wannan bawan Allah tun daga bakin titi ya gama auna bishiyarka da buhu. Kai kana ganin inuwar da jikokinka ke karatun allo, shi yana ganin gawayi. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 iskar gas ta girki ta yi wuya, itace ya zama kuɗi a hannu, har dajin bagaruwa na Sunut da ke gefen Farin Nilu ya sha gatari. Ko kafin yaƙin ma, masu gasa jan bulo na Aljirif ta gabas da gidajen burodi ba su taɓa ƙoshi da itace ba. To mutumin da ladansa shi ne nauyin abin da ya saro, me zai sa ya tsaya a reshe ɗaya? Ka nuna masa busasshen reshe, sai ya gano cewa na kusa da shi ma "ya fara". Ka shiga ciki ka yi alwala, kafin ka fito amalanken jaki ya cika, na biyu yana jira a kwana. Idan kana son ka gwada shi, nuna masa miskit ɗin da ya mamaye bayan katanga, wannan ƙayar da aka shigo da ita Shambat a 1917, gwamnati kuma ta ba da umarnin kawar da ita a 1995. Nan take zai tuna cewa bayansa na ciwo. Idan kuwa dushe ce a gidanka, wadda mata ke saye don hayaƙin gyaran jiki, kada ma ka bar shi ya ga inda take.

Bayansa sai wanzami. Shi aski ɗaya ya iya, ƙwal-kwabo, kuma kowace bishiya shi yake yi mata. Yana farawa daga sama ya datse kai, ya bi manyan rassa ya daddatse, ya bar maka kututture tsaye da guntayen hannaye. Hujjarsa kullum ɗaya ce: "Za ta tofo, Alhaji, har ta fi da." Gaskiya ne tana tofowa, nan ma matsalar take. Tohon da ke fitowa a bakin sara yana tashi da sauri, da yawa, amma bai kafu cikin zuciyar itace ba, a gefen ɓawo yake maƙale. Bayan shekara biyu ko uku ya yi nauyi, ruwa kuma ya shiga ta wajen saran ya ruɓar da ciki, habub ta farko sai ta sauke maka shi a kan mota. Sai ka sake kiran wanzami, shi kuma dama ya sani. Dogonyaro da bishiyar damas suna jure wannan wulaƙanci, shi ya sa yake samun shaidu. Mangwaro kuwa zai yi maka yajin 'ya'ya, dabino kuma kai ɗaya gare shi, idan an cire shi an gama. Masana itatuwa sun ce kada a raba bishiya da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyenta a lokaci guda. Wanzami ya ji wannan magana, sai dai ya ɗauka kashi ɗaya ake bari.

Akwai Injiniya, mai injin zarto. Ba ya zuwa sai an tura masa kuɗin mai ta manhajar Bankak. Idan ya zo, rabin yini yana jan igiyar inji, sauran rabin yana bayanin cewa man yanzu gauraye ne.

Likita kuwa ya fi su ban sha'awa, domin shi ba ya gaggawar hawa. Zai zagaya bishiya yana ƙwanƙwasa ta da ƙotar gatari, ya kara kunne, ya girgiza kai kamar an yi rasuwa. Cutar kullum gara ce. Ganye ya yi rawaya, gara. Lemo bai yi fure ba, gara. Gawo ya zubar da ganye da damina, abin da gawo ke yi tun da Allah ya halicce shi, ita ma gara. Maganinsa baƙin mai na mota da yake shafawa a bakin sara, wanda ba abin da yake yi sai ƙona naman itacen da zai rufe ciwon. Idan damas ta tura saiwa ta fasa bututun ruwa ko ta shiga ramin bayan gida, abin da ta shahara da shi a Khartum, Likita zai haƙa gefe ɗaya ya yanke manyan saiwoyin duka, ya karɓi kuɗinsa. Bai gaya maka cewa su ne ke riƙe da ita ba. Laka ce ƙasar bakin kogi, tana tsagewa da rani ta yi laushi da damina, ruwan watan Agusta zai ƙarasa bayanin.

Ba zan manta da Malam mai tsamiya ba. Farashinsa na dogonyaro daidai yake da na kowa, amma ka ce tsamiya, sai ya ja da baya ya rage murya. "Wannan ai da mutanen ciki, Alhaji." Hausawan Sudan ba su bar wannan imani a gida ba, sun taho da shi tun zamanin da ayarin Mai Wurno ya sauka a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Malam ba ya ƙin aikin. Mutanen ciki dai suna buƙatar zakara da turare da ninkin kuɗi, kuma abin mamaki, zakaran a gidan Malam yake kwana.

Mafi haɗari a cikinsu ba baƙo ba ne, ɗan ƙanwarka ne, wanda ya kalli yadda ake yi a waya. "Kawu, don me za ka ba wani kuɗi?" Zai jingina tsani a jikin reshen da yake sara, silifas a ƙafa, wayar lantarki taku ɗaya daga kansa, uwarsa kuma ba ta san yana nan ba. Idan reshen ya faɗa gidan maƙwabci kai za ka je ba da haƙuri, idan shi ya faɗo kai za ka je asibiti, kuma har abada a wajen taron suna za a riƙa nuna ka.

Na kirkin yakan zo ne ba tare da hayaniya ba, galibi dattijo daga lambunan bakin kogi, da igiya a kafaɗa da ƙaramin zarto a hannu, kuma wani maƙwabci ne ya turo shi, wanda za ka iya zuwa ka ga bishiyarsa da idonka. Yana daɗewa a ƙasa fiye da yadda yake daɗewa a sama. Zai tambayi inda bututu ya bi, ina wayar wuta, wane ɗaki ake kwana, yaushe mangwaron ya gama 'ya'ya, domin sai bayan an tsinke ake taɓa shi. Kuɗin aiki daban yake faɗa, maganar itace daban, kuma da bakinsa zai ce idan katanga ta fashe a kansa. Idan ya hau, reshe mai nauyi sau uku yake yanka shi: ya fara tsaga ta ƙasa don kada ɓawo ya yage, ya yanke ta sama ɗan gaba kaɗan, sannan ya gyara guntun a bakin kumburin da ke gindin reshe, inda itace ke rufe ciwonsa da kansa. Da igiya yake sauke shi. Idan reshe ya shiga cikin wayar lantarki, zai ce a kira ma'aikatan wuta su yanke layi tukuna. Aibinsa ɗaya: yakan ce a'a. "Alhaji, wannan ba abin da ya same ta. Ruwa take so."

Nan kuma sai nau'i na ƙarshe ya bayyana, wato maigida da kansa. Ya kira mutum, ya dafa shayi, ya tara 'ya'ya su kalli aiki, sannan a ce masa ruwa? Ko an yi aikin ma, zai dubi ɗan tulin rassan da ke ƙasa, ya dubi bishiya da har yanzu kamanninta na nan, ya ji kamar an cuce shi. "Baba, duka-duka abin da ka sare ke nan?" Zai yi ciniki ya rage kuɗin, ya sallami dattijo da "sai mun neme ka". Da la'asar a majalisar ƙofar masallaci zai ba da labarin wani tsoho da ya so ya ci kuɗinsa a banza, wani a gefe kuma zai ce ai ya san wani yaron kirki, ko sisi ba ya karɓa, itacen kawai yake kwashewa.