Masu Keke a Mada da Irin Keken Kowa

Kekunan da ake hawa a Mada da ƙauyukan da ke tsakanin Gusau da Tsafe da Kwatarkwashi gida biyu ne. Akwai dogon baƙin keke mai taya inci 28 da birkin ƙarfe da kariya a baya, wanda aka ƙera don ya ɗauki mutum da kayansa. Akwai kuma keke mai giya, gajere mai kaurin taya, wanda aka ƙera don hawa da gangara a duwatsu, ya ɗauki mutum shi kaɗai. A ƙa'ida abu uku ne ke raba gardama wajen zaɓe: hanyar da za a bi, nauyin da za a ɗora, da tsawon ƙafar mahayi. A kasuwa kuwa halin mai saye ne ke yanke hukunci, don haka ta kan masu kekunan aka fi gane kekunan.

Na gaba a shekaru shi ne dattijo mai Rale. Kamfanin Raleigh na birnin Nottingham ne a Ingila, ya fara ƙera kekuna tun ƙarshen ƙarni na 19, ya kuma taɓa yin masana'anta a Kano. A wurin dattijon nan keke Rale ne, saura duk gwangwani. Nasa ya girmi babban ɗansa, ya girmi ita kanta jihar Zamfara da aka ƙirƙiro a 1996. Ya naɗe jikinsa da roba mai launi don kada fenti ya kuje, har an manta launin fentin. Ya yi wa sirdi riga, ya sa madubi biyu, ƙararrawa kuwa kafin ya buga ta an riga an ji sallamarsa. Yana sauka ya gaida duk wanda ya girme shi, ya tsaya ya amsa gaisuwar duk wanda ya girma, saboda haka rabin tafiyarsa a ƙasa yake yi yana riƙe da kan keke. Yana da hujja mai ƙarfi. Giya ɗaya ba ta da abin lalacewa, babbar taya tana tsallake ramin da ƙarama za ta faɗa, mahayi yana zaune a miƙe ba ciwon baya, murfin sarƙa kuma yana hana ta cin babbar riga. Aibin keken nauyi, da siririyar taya mai nutsewa a yashi, da birkin da ke daina kamawa da zarar ruwa ya jiƙa ƙarfen taya. Idan aka faɗa masa wannan na ƙarshe, sai ya ce mai hankali ba ya tafiya cikin ruwa.

Mai lodi ba ruwansa da suna. Phoenix na Shanghai ko Hero na Indiya, duk wanda ya fi kaurin ƙarfe shi ne nasa. Daga wurin dillali wajen mai walda yake wucewa, a ƙara wa kariya rodi, a faɗaɗa ta. Buhun dawa, jarkokin ruwa, damin kara mai tare hanya, akuya a ɗaure, uwargida ranar asibiti, duk hurumin kariyar nan ne. Birkinsa ya daɗe da mutuwa, silifas ke aikin. Idan lodi ya kai inda yake so, wurin zama ya ƙare, sai ya tura, kuma a lissafinsa wannan ma hawa ne. Cikin masu keke duka shi ya fi kowa sanin abin da ya je saye, kuma ba a taɓa ganinsa yana taya mai giya ba.

Saurayi mai giya sai an ɗan tsaya a kansa, domin kekensa baƙo ne mai tarihi. A shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta Kalifoniya a Amurka suka riƙa gangarowa daga dutsen Tamalpais a kan tsofaffin kekuna masu kaurin taya, don nishaɗi kawai. Irin su Joe Breeze da Gary Fisher suka mai da abin sana'a, a 1981 kuma kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper ya baza shi kasuwa. Duk siffar keken daga wannan wasa ta fito. Tayarsa inci 26 ce a tsohon yayi, yanzu akwai 27.5 da 29, mai faɗi da ƙuraje don ta kama ƙasa. Jikinsa gajere ne don mahayi ya iya dirowa da sauri, kansa miƙaƙƙe don riƙo, birkinsa na waya mai kamawa nan take, a gaba kuma akwai sifirin mai shanye gargada. Ba kariya, ba marufin taya, ba murfin sarƙa, domin mai gangarowa daga dutse ba ya ɗauke da buhu kuma ba ya sanye da kaftani.

Dutse mafi suna a wannan yanki shi ne na Kwatarkwashi, kuma ba a san shi da masu keke ba. Saurayin Mada a gaban majalisa yake nuna nasa. Abin da ya fara faɗa shi ne adadin giya: 21. Gaskiya ne, faifai uku masu haƙora a gaba, bakwai a baya. Abin da ba ya faɗa shi ne da yawansu kusan maimaicin juna ne, wasu kuma karkatar da sarƙa suke yi su cinye ta. Cikin 21 ɗin guda yake amfani da ita, wadda ya tarar da keken a kai. Ranar da ya gwada canzawa a gaban 'yan mata, sarƙa ta yi ƙara ta zame, ya sauka yana gyara da tsinke. Da damina tayar baya tana zana masa layin taɓo daga ƙugu zuwa ƙeya, shi kaɗai ne a gari bai san da shi ba. Sifirin ɗin da yake dannawa don mutane su gani, a keken araha ado ne mai nauyi, wanda ke tsakiyar jiki ma shanye ƙarfin feda yake yi. A kan kwaltar Gusau zuwa Tsafe ƙurajen taya gurnani suke yi suna rage gudu, dattijo mai Rale ya wuce shi yana jan carbi.

Duk da haka ba a yi wa keken adalci ba idan aka tsaya nan. A hanyar gona mai yashi da kwazazzabo, inda siririyar taya ke nutsewa mahayi ya sauka, mai faɗi wucewa take yi, musamman idan an ɗan rage mata iska. Ƙaramar giya tana fitar da mutum daga gangaren rafi yana zaune, birkin kuma yana kamawa ko da ruwa. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da ke zagaya ƙauyuka da 'yar jaka ya fi kowa cancantarsa. Sai dai a hannun wanda ba ya barin bakin titi aka fi ganinsa.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 wani sabon iri ya bayyana, wato ma'aikacin da ya jingine babur. Ba ya cewa mai ya yi tsada. Likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki. Yana zuwa wurin 'yan gwanjo da yamma, yana tambayar farashi a madadin wani ƙanensa. Rabonsa da feda tun yana sakandare, saboda haka makon farko a karkace yake zama a ofis. Keken da ya dace da shi na tsaka-tsaki ne, mai giya kaɗan da taya mai santsi da wurin ɗaura kariya, amma yakan ƙare da mai sifirin biyu domin ya fi kama da babur.

Uba mai hangen nesa kuma yaro ɗan shekara takwas yake saya wa keken manya, wai zai girma da shi. Yaron sai ya zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya ya tuƙa a karkace, sirdi na can sama ba kowa a kai. Ma'aunin ba wuya gare shi: mahayi ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa a ƙasa, sandar ba ta taɓa shi ba. Idan ya zauna kuma feda ta kai ƙasa, gwiwa ta kusa miƙewa. Sirdin da ya yi ƙasa yana kawo ciwon gwiwa, wanda ya yi sama yana sa mutum rangaji. Kafin yaron nan ya kai tsawon kekensa, ƙannensa uku sun koyi faɗuwa a kansa.

Ba a cinikin keke ba ɗan rakiya. Shi bai taɓa mallakar keke ba, amma ya san na kowa. Yana ƙwanƙwasa ƙarfe da farce ya kara kunne, ya matsa taya, ya buga ƙararrawa, ya girgiza kai ya ce wa dillali, "Haba Alhaji, a duba dai." Wuraren da ya kamata ya duba ba ya kallonsu: mahaɗar ƙarfe ko akwai tsaga ko sabuwar walda a ƙarƙashin sabon fenti, taya ko tana lilo idan an juya ta, ƙafafun gaba ko sun lanƙwashe baya saboda karo, feda ko tana girgiɗi alamar boris ya ci. Ladansa tsire da shayi, da haƙƙin cewa shi ya zaɓa idan keken ya yi kyau.

Mai aro gajeren bayani gare shi. "Kawu, nan kusa zan je." Yana dawowa bayan la'asar a ƙasa, yana tura keken, da labarin ƙaya. Saboda shi ne tayar dattijo mai Rale kullum ba iska.

Dukansu a inuwar mai faci suke haɗuwa, domin tsidau ba ya tambayar sunan kamfani. Mai faci yana da famfo da kwanon ruwan neman huji da gam da tsohon tub da yake yankawa, yana kuma da ra'ayi a kan kowane keke. Baƙin keke abokinsa ne, kayansa suna nan a akwati, na Phoenix yakan shiga Hero da ɗan dukan guduma. Mai giya kuwa idan ƙarfen canji da ke reto a gefen tayar baya ya lanƙwashe, maganinsa ɗaya ne: ya cire shi, ya rage sarƙa, ya mai da 21 ta koma ɗaya, mai keke ya tafi yana yabon aiki. Taya da tub na inci 28 da 26 ba sa wuyar samu. Mai inci 29 ko birki mai aiki da mai kuwa yakan jingine keke ya jira mai zuwa Gusau, wani lokaci ma sai an aika Kano.