Yadda Za Ka Saka Gizo a Waya, 'Yan Makarfi Su Yarda

Ɗan'uwa, in ka ƙudurta mayar da tatsuniyar Gizo wasan waya, fara da ƙasar da zai taka. Ajiye shi a gonar rake tsakanin Makarfi da Kudan, ka zana raken da gaske: gaɓa-gaɓa, da ganyen nan mai yankan hannu. Yaron Hunkuyi zai yafe maka Dodo mai kai bakwai, amma ko kusa ba zai yafe maka rake mai kama da karan dawa ba.

Daga nan ka kai shi wurin masu mazarƙwaila. A ji rurin injin matsa, a ga ruwan rake yana tafarfasa har ya yi kauri, a zuba a 'yan kwanuka ya daskare. Nan Gizo zai yi satarsa ta farko, nan kuma zai ƙona yatsa. Bar shi ya ƙone.

Yanzu fito da Dodo, guda ɗaya tak. Tsayar da shi a bakin fadama bayan magariba, ya tare masu kwandunan tumatirin Ikara. Ya yi magana, ya haɗiye jaki da mangalarsa, duk mun yarda. Amma tumatirin ya ci gaba da laushi cikin kwando yadda ya saba, in ɗan wasa ya yi nawa dillali ya karya masa farashi. Gaba Dodo, baya asara: ka ga gumi ya karyo wa mai riƙe da waya. Abubakar Imam ya san wannan dabara ta haɗa gaske da almara tun 1934. A Ruwan Bagaja, daga Kwantagora ya ɗauko jaruminsa, garin da kowa zai iya zuwa, kafin ya kai shi cikin aljannu.

Don Allah kada ka ba Gizo takobi. Makaminsa wayo ne da tsamin baki. In ka ba shi layar zana, sa mata sharaɗi: da ya kai abinci baki, ta daina aiki. Ai ka san Gizo da ci.

Ƙoƙi kuwa ta riƙe jakar kuɗi, mata ma su samu wadda za su zaɓa. Kuma wasan ya yi aiki ba data, don kada Dodo ya tsaya cak da baki buɗe yana jiran intanet.