Wa Ya Yi Kisan? Masu Binciken Fadar Shayi a Dogon Kiriya

Da an kai hatsi rumbu, hirar dare takan yi tsawo a Dogon Kiriya. A baje tabarma a fada, a ɗora butar shayi, a haɗa waya da 'yar lasifika, a kunna littafi. Sauraren littafi ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Gidajen rediyon Kano sun daɗe suna karanta littattafan Hausa, BBC Hausa ma takan karanta labaran gasar Hikayata da ta fara a 2016. Yanzu dai littafin a katin waya yake zuwa, daga Dogon Dutsi ko daga aljihun ɗan ci-rani. Na soyayya sun fi yawa. Amma ranar da aka dace da na bincike, an tsinci gawar Alhaji a ɗaki kulle, ga mutum shida kowa da dalilin kashe shi, ranar halin kowa ke fitowa fili. Irin wannan labari kacici-kacici ne: marubuci ya zube maka alamu duka, ya bar ka da wayonka. Ga waɗanda za ka tarar.

Na-Riga-Na-Sani. Ba ya cewa uffan sai mai bincike ya tara mutanen gida ya nuna mai laifi. Nan zai buga cinya: "Mi nac ce muku?" Alhali bai ce komai ba, fada duka shaida ce. In an matsa masa, ya ce ai a zuci ya faɗa.

Jandarman Fada. Direba ya yi tari? Shi ne. Mai aiki ta fasa kofi? Ita ce. Kafin kashi na uku ya tsare gidan gaba ɗaya, har da mai binciken. Akwai littafin Agatha Christie guda da wannan dabara ta kamun kowa ke ci a cikinsa, amma ba za a ji sunansa a bakina ba.

Mushe. Tsohon malamin lakkwal ne, ya karanta irin waɗannan littattafai da Faransanci tun yana saurayi. Yakan sa a dakatar da waya don ya sanar da jama'a cewa Sherlock Holmes ya fara fitowa a 1887, Hercule Poirot kuma ɗan Beljiyam ne, ya bayyana a 1920. Sai ya share rairayi da tafin hannu, ya zana taswirar gidan da tsinke: nan zaure, nan rijiya, wannan ƙwallon dabino shi ne gawa. Ya lissafa wanda ya fita bayan isha'i da wanda ya ce yana barci. Bayan duk wannan aiki, wanda ya zaɓa shi ake kashewa a kashi na gaba.

Baba Sai-Iska. Da ya ji ƙofa a kulle take ta ciki, shari'a ta ƙare: aikin iskoki ne. Mushe ya yi ta bayani cewa tun 1929 wani malamin coci a Ingila, Ronald Knox, ya jera ƙa'idoji goma na irin wannan rubutu, ciki har da cewa babu tsafi babu aljani, kuma dole mai laifi ya zama wanda aka ambata tun farkon labari. Baba ya kurɓi shayi ya ce, "Mushe, wagga wahala ta Nasara ta. Da nan Arewa na, a kwashe su a kai Lugu gaban dutsen Tunguma ya nuna mai laihi, kahin shayi na biyu an gama."

Inna Kishiya-Ce. Ba ta zama fada. Tana bayan danga tana ɓarar gujiya, amma kalma ɗaya ba ta wuce ta. Hukuncinta ɗaya ne, takan jefo shi ta saman zana: "Kishiya ta!" A ce, "Haba Inna, mamacin namiji ne, gwauro ma." Ta ce to a bincika kishiyar uwarsa. Abin haushin, wani lokaci ita ke cin gari.

Sarkin Gyangyaɗi. Yana nan aka gano gawa, yana nan aka kama mai laifi, tsakani kuwa minshari. Ya farka ana tafi, ya tambaya, "Wa ya mutu?"

Masu karanta littafin a cikin waya ma ba a bar su a baya ba. Akwai Tona-Asiri, wanda da an zo maganar mai kisan sai ya kumbura murya kamar bajimin sa, har yaron goye ya gane. Marubuci ya yi wata da watanni yana ɓoye mutum, shi ya miƙa shi tun shafi na biyar. Akwai Mai Sharhi, da ke tsayawa tsakiyar jimla ya ce "Allah ya isa!" ko ya yi wa mamaci ta'aziyya. Akwai kuma wanda daidai lokacin da mai bincike ya ɗaga yatsa zai sako tallar maganin basir. Gwanin karatu shi ne mai ba kowa muryarsa, ya kuma ba mai gaskiya da maƙaryaci nauyi ɗaya, don mai saurare ya yi aikinsa da kansa.

Mai Waya. Shi ne sarki, kofin farko nasa ne. Ba ya kai waya caji sai ta suma, kuma ba ta suma sai ana saura ƙiris a faɗi suna. In ba ta mutu ba, budurwa ta kira, ya cire lasifika ya shige duhu, a bar dattawa da buɗaɗɗen baki.

Ɓata-Miya. Wannan ya fi kowa laifi. Ya saurari ƙarshen a ɓoye tun da rana, ya zo ya zauna yana murmushi. Ba zai faɗa ba, in ji shi, sai dai "ku riƙa lura da mai gadin nan." Shi ke nan, ya kashe hirar mako guda.

Sauran duk a yi haƙuri da su, da su hira ke daɗi. Amma Ɓata-Miya, jama'ar fada, kada ku sassauta masa: sukari da ganyen shayi na sati biyu a wuyansa, in ya sake kuma a kai shi bayan danga ya taya Inna ɓarar gujiya.