Likitocin Ganye na Nassarawa GRA

A Nassarawa GRA ganye ba ya yin rawaya a ɓoye. Da zarar fulawar baranda ta sauya launi, sai gida ya cika da likitoci, kowa da cutar da ya hango, kowa kuma ya rantse tasa ce. Daga Sultan Road har Lamido Crescent, ga alama shukar da ke mutuwa saboda yawan kulawa ta ninka wadda sakaci ke kashewa.

Shugabar wannan asibiti ita ce Hajiya mai tausayi. A wurinta cutar duniya guda ɗaya ce, ƙishirwa. Da safe ta sa yarinyar gida ta zuba ruwa, da la'asar ta zuba da hannunta don ba ta yarda yarinyar ta zuba ba, bayan isha'i kuma maigadi ya ƙara bokiti guda don neman fada. Ganye ya yi yaushi, ya yi rawaya, Hajiya ta ce, "Wayyo, baiwar Allah, zafin Kano ne," ta ƙara ruwa. Alhali saiwa ma numfashi take. In ƙasa ta jiƙe sharkaf kullum, iska ba ta shiga, saiwar sai ta ruɓe, ta yi baƙi, ta riƙa wari, ta kasa jan ruwan da take kwance a ciki. Shi ya sa shukar da ruwa ya yi wa yawa take kama da mai ƙishirwa. Tukunyar kuwa irin ta tangaran ce mai ƙyalli da aka zo da ita daga Dubai, ko huda ɗaya babu a gindinta. Da Hajiya za ta luma yatsa gaɓa biyu cikin ƙasar kafin ta ɗauki buta, da an huta. To amma akwai lalle a hannun. Har cikin Agusta, ana tsakiyar marka, ba a fasa wannan sadaka.

Maigidanta shi kuma bai yarda da ruwa ba, taki ya yarda da shi. Tsohon babban sakatare ne, yana da gona a Kadawa, don haka duk abin da ya tsiro a doron ƙasa masara ne a idonsa. Yana da rabin gaskiya, kuma rabin gaskiyar nan ita ke ɓarna: in sinadarin naitirojin ya yi ƙaranci, tsofaffin ganyen ƙasa su ke fara yin rawaya gaba ɗayansu, na sama suna kore, domin shuka tana kwashe abincin tsoho ta ba yaro. Alhaji ya san wannan. Abin da ya manta shi ne tukunya ba kadada ba ce. Sai ya aika direba ya buɗe buhun yuriya, takin da kashi 46 cikin ɗari nasa naitirojin ne, ya dumbuza da tafin hannu ya tula a gindin ɗan lemun tsami. Kwana uku bakin ganye ya ƙone, ya yi ƙaƙas. Alhaji ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Takin yanzu duk jabu ne." Washegari a kawo ɗanyen kashin kaji, wanda shi ma ƙona saiwa yake in bai ruɓe ba.

Gwaggo ba ta da dogon bayani. Baki ne. Wai ranar wani suna wata ta tsaya ta ce kai, fulawar nan ta yi kyau, ba ta ce tubarkalla ba. A turara, a kawar da tukunyar daga idon mutane. Abin dariyar, sau da yawa maganinta ya kan ci, domin inda aka ɓoye tukunyar Hajiya ba ta kaiwa can da buta.

Sai ɗan gidan da ya dawo daga karatu a Ingila. Shi ba ya taɓa ƙasa, waya yake taɓawa. Ya ɗauki hoton ganye, manhaja ta ce masa cuta bakwai, ya kalli YouTube har asuba, ya tashi da jerin magani: ɓawon ayaba, ɓawon ƙwai, dusar kofi, toka. Mai ba shi shawarar yana zaune a garin da rana ke leƙowa sa'a kaɗan a lokacin sanyi, shi kuma yana garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Marar lafiyarsa Ixora ce, mai jan furen nan da ake jerawa a bakin mashiga. Sababbin ganyenta na sama sun yi fari-fari, jijiyoyinsu kuwa kore shar. Wannan alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ce, kuma ba don babu shi a ƙasar ba: Ixora ƙasa mai ɗan tsami take so, in ƙasar ta yi kanwa-kanwa sai ƙarfen ya ɗaure, saiwa ta kasa ɗauka. Toka kuwa ƙara wannan ɗaurin take yi. Ya zuba mata cokali uku, ya ɗauki hoto, ya sa a Instagram. Ofishin IITA yana nan kusa a titin Sabo Bakin Zuwo, jami'ar Bayero tana da cibiyar binciken noma a busassun yankuna, amma ina, ai waɗannan ba su da mabiya miliyan.

Akwai Anti mai falo, wadda ta ajiye shuka a lungu tsakanin talabijin da na'urar sanyaya ɗaki, labule uku a kan taga, sannan take mamakin abin da ya sa ganye ke zuba. Hunturu na shigowa iska ta bushe, wasu ƙwari ƙanana da ido bai cika gani ba su tare a bayan ganye, su yi ta tsotsa, su bar ɗigo-ɗigon rawaya da 'yar siririyar yana. Anti ta goge saman ganyen da man zaitun don ya yi sheƙi. Juya ganye a duba bayansa aikin daƙiƙa ɗaya ne, amma ban san gidan da ake yi ba.

Wanda na fi jin tausayi shi ne sabon ɗan unguwa da ke jinyar mai lafiya. Ya sayi gida da shingen shukar nan da masu fulawa ke kira yalo bush, wadda Allah Ya halitta da launin ɗorawa. Ya yi mata feshi, ya yi mata taki, ya kori gadina biyu.

Sai saurayin ɗakin baya. Shi ba ya kiran taron likitoci. A kaikaice yake tambaya, murya ƙasa-ƙasa, wai tumatirin wani abokinsa ne ke rawaya. Tumatirin yana cikin bokitin fenti a bayan tankin ruwa, ganyensa yatsu-yatsu. Da uban ya gani, sai ya ce rama ce, Baba, gwaji nake. Dabarar ba ta da laifi, don ganyen saman rama yana rarrabuwa kamar na wiwi, har ya kan ruɗi baƙo. Matsalar ita ce akwai kaka a gidan, wadda ta yi kwaɗon rama tun kafin a kafa NDLEA a 1989. Ta tsinki ganye ɗaya, ta murza, ta shinshina, ta ɗanɗana, ta ce, "Kai ɗan nan, wace irin rama ce ba tsami?" A nan rawayar ta bar ganye ta koma fuskar mai shukar. Uban bai ce komai ba sai tuna masa da ya yi cewa noman wannan abu a Najeriya ɗaurin shekaru ne masu yawa, kuma shi ba zai je beli ba. Kafin a kira sallar asuba bokitin ya ɓata.

Duk wannan hidima, akwai mutum ɗaya da ya san gaskiya, shi ne gadina. Ya taso a fadama, da ya ɗaga tukunya ya ji nauyinta ya san abin da ke ciki. Ya san wani ganyen tsufa kawai ya yi, a tsinke shi a wuce. Amma albashi a hannun likitocin yake. Hajiya ta ce ƙishirwa, ya ce, "Haka ne, ranki ya daɗe." Alhaji ya ce taki, ya ce, "Ƙwarai, yallaɓai." Da dare ya sa ƙusa ya huda abin da zai hudu, ya kwashe yuriyar da cokali. Wadda ta mutu kuwa, ya ɗora tukunyar a keke ya kai wa ƙanensa mai sayar da furanni a bakin titi, ya karɓo sabuwa irinta sak, kuɗin kuma ya shiga lissafin ƙarshen wata da sunan maganin feshi.