Masana Fasahar Titin Koudoukou: Kowa da Aljihunsa

Wanda ya san Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ya san Kilomita Biyar, unguwar da cinikin birnin ya tattaru a cikinta. Titin Koudoukou ne ya ratsa ta, kuma a nan Babban Masallaci yake, wanda Paparoma Francis ya ziyarta ranar 30 ga Nuwamban 2015. Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi sun daɗe suna kasuwanci a nan. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawan masana fasahar da titin ya tara. Babu wanda ya ba su takardar shaida, amma tsakanin la'asar da magariba, a bencin mai shayi, ana yanke wa Apple da Samsung hukunci, a sauke Amurka daga duniyar wata, a mayar da ita. In ka san sana'ar mutum da abin da ya rage masa a aljihu, ka riga ka san ra'ayinsa tun bai buɗe baki ba. Ga kaɗan daga cikinsu.

Alhaji Bitcoin

Bai taɓa taka Makka ba. Sunan ya bi shi ne tun Afrilun 2022, lokacin da majalisar dokoki ta amince da Bitcoin a matsayin halattaccen kuɗi, ƙasar ta zama ta biyu a duniya bayan El Salvador. Ranar rumfa-rumfa ya bi yana yi wa sefa ta'aziyya. Da aka ƙaddamar da Sango Coin a Yulin shekarar, ya ce magana ta ƙare, saura a fara auna shinkafa da waya. A Maris 2023 majalisar ta janye wa Bitcoin wancan matsayi, shi kuwa ya ce dabarar manya ce, ai Shugaba Touadéra farfesan lissafi ne, ba ya tafiya a makance. Sai a Fabrairun 2025 aka fito da wani kuɗin intanet mai sunan ƙasar, ya yi tashin gwauron zabo, ya rikito cikin 'yan kwanaki. Sai da aka aika gidan Alhajin a duba ko lafiya.

Har yau mai shayi yana bin sa dala arba'in.

"Kawu, ka buɗe asusu mana, yanzu-yanzu in tura maka."

"Ɗana, ga asusuna nan," in ji mai shayi, yana kaɗa masa gwangwanin madarar da yake zuba canji.

Mai layi uku

Orange da Telecel da Moov duk yana da su, a waya biyu, ɗaya a aljihun gaba, ɗaya a na gefe. Ya san kusurwar da kowane rezo ya fi kamawa, ya san sa'ar da ya kamata a sayi mega. Zai zaunar da kai ya yi maka bayanin igiyar intanet ta ƙarƙashin ƙasa da ta haɗa ƙasar da Kamaru da Kongo a 2023, har ya gaya maka Bankin Raya Afirka da Tarayyar Turai ne suka zuba kuɗin. Abin da ba shi da shi kawai kiredi ne, ko a layi ɗaya. Wayarka za ta yi ƙara sau ɗaya ta yi shiru. Kana kira sai ka ji: "Yawwa, dama gaisuwa ce." Gaisuwar kuwa sai ta kai kan kakanninka, a kuɗinka.

Ɗan iPhone da ɗan Tecno

Waɗannan ba sa ga-maciji, amma kullum benci ɗaya suke zama. Wayar ɗan iPhone ta hannu ce, daga Dubai, gilashinta ya tsage tun daga kusurwa. Ba ya ajiye ta sai a kife, don tambarin ya gaisa da jama'a. Batirinta ba ya kaiwa azahar, shi ya sa yake yawo da bankin caji wanda ya fi wayar nauyi. A wurinsa duk mai riƙe da wata waya talaka ne, ko da kuwa shi ne ya ranta masa kuɗin tasa.

Ɗan Tecno kuwa hujja gare shi. Zai ce maka kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a China, yake ƙera Tecno da Itel da Infinix, kuma don mu aka yi su: layi biyu, batiri mai jure wahala, kyamarar da ba ta mayar da baƙin mutum inuwa. Duk gaskiya ne. Sai dai akwai kwali uku a shagonsa da suka sha hanya daga Douala, ta Garoua-Boulaï da Beloko, dole a sayar kafin sabon samfuri ya fito. Ranar da ya ci riba mai kauri, za ka gan shi ya ja abokin gabarsa gefe yana raɗa: "Wai nawa take yanzu a Dubai?"

Injiniya

Ɗalibi ne a Jami'ar Bangui, ko kuma ya taɓa zama. Yana da kwamfutar cinya wadda batirinta ya riga mu gidan gaskiya, sai an jona take motsi. Da kuran ya ɗauke, darasi ya tashi. Saboda haka rabin manhajojinsa a littafin rubutu suke, da biro, kuma a can ba su taɓa ba shi matsala ba.

Aƙidarsa Python. Ya san wani ɗan Holan, Guido van Rossum, ne ya fito da shi a 1991, kuma zai rantse maka duk mai koyon wani yaren kwamfuta ɓata ƙuruciyarsa yake yi. Yana da aboki ɗan Java, yaren da ya zo a 1995, wanda yake ce masa Python na ragwaye ne. Sun yi gaba ta mako guda a kan ko ya dace a rufe kowane layi da waƙafi mai ɗigo. Babu ɗayansu da ya taɓa sayar da manhaja.

A gida kuwa ba ruwansu da wannan ilimi. Tunda an ce ya karanta kwamfuta, shi ne mai buɗe wayar da aka manta lambar sirrinta, mai dawo da Facebook ɗin da aka sace, mai tura wa'azi a mimori.

"Gwaggo, ni fa rubuta manhaja nake yi, ba gyara ba."

"To rubuta mini wadda za ta hana wayar nan zafi."

Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022 ya rage barci. Da safe ya ce na'urar za ta cinye aikin masu rubuta manhaja, da yamma ka same shi yana roƙon ta ta gyara masa tasa.

Malam An-Ce

Shi ne kamfanin dillancin labaran kimiyya na titin. Majiyarsa ɗaya ce, zauren WhatsApp na 'yan uwa, sai saƙon murya na wani "babban likita" da ba a taɓa jin sunan asibitinsa ba. A 2020 ya tabbatar wa jama'a cewa 5G ce ta kawo korona, a unguwar da ake ɗaga waya sama don hoto ya sauka. Bai yarda Amurkawa sun taka wata a 1969 ba, amma da Indiya ta sauke na'urarta kusa da kudancin watan a Agustan 2023 sai ya ce ai su Indiyawa da ma sun san kan abin. Kowane saƙonsa da sharaɗi yake zuwa: a tura wa mutum goma.

Manyan unguwa suna tuna watan Yunin 2014, lokacin da gwamnati ta rufe saƙon tes a ƙasar saboda dalilan tsaro. Sun san jita-jita a wannan gari ba abin wasa ba ce, don haka in ya soma sai wani dattijo ya katse shi: "Malam, wa ya ce?" Nan take zai tuna bai yi alwala ba.

Baba Mai Rediyo

Ƙaramar Nokia mai tocila, an ɗaure bayanta da robar kuɗi. Labarin da bai fito daga BBC Hausa ko RFI ko Rediyo Ndeke Luka ba, bai faru ba. Ya ce babbar waya ita ta lalata yara, ta kashe zumunci, ta rage wa mutane gani. Da dare kuma sai ya aika a kira jikansa: "Zo ka nuna mini damben nan na Kano."

Hajiya mai saƙon murya

Ba ta rubutu, ba ta kuma ga dalilinsa ba. Ta danna, ta yi minti tara: sallama da Hausa, farashi da Faransanci, faɗa da Sango, addu'a da Larabci. Bisa ƙa'ida ba ta cikin jerin masana, don ba ta san sunan wayarta ba, "mai ruwan toka" take ce mata. Amma da ita take zaɓen atamfa a hoto daga Douala da Kantin Kwari, ta karɓi kuɗi ta Orange Money, ta bi bashi har gida. Da ita take jin muryar 'yan uwan da rikicin 2014 ya watsa zuwa N'Djamena da Garoua-Boulaï. Da Injiniya ya zo da murnarsa cewa Google ya sa Sango cikin harsunan da yake fassarawa a 2024, sai ta tambaye shi ko yana iya fassara mata uzurin masu cin bashi. Ra'ayinta a kan fasaha gajere ne: wayar da ba ta kawo ciniki ba madubi ce.

Mai gyara

Teburinsa bai fi kamu biyu ba. Akwai tsohon buroshin haƙori, kwalbar sinadarin wanki, ƙarfen narka dalma, gilashin ƙara girma mai karyayyen hannu, da gwangwanin alewa cike da gawarwakin wayoyi. Zai buɗe bayan wayarka da farce, ya shinshina, ya girgiza kai a hankali, irin girgizar da ke ƙara kuɗin aiki. Cuta biyu ya sani: "ta sha ruwa" da "wutar caji ta buge ta". Ra'ayinsa shi ne wayoyin da sun fi ƙarko, kada ka kuskura ka sayi sabuwa, kawo wannan a duba. Yana tsine wa kamfanonin da ke manne batiri da gam, kodayake da gam ɗin yake biyan kuɗin makarantar yaransa. In ya ce ka dawo bayan la'asar, kada ka tambaye shi ta wace rana.

Mai caji

Shi ba ya musu da kowa. Wutar birnin daga madatsar Boali take zuwa, kuma rabo ake yi, unguwa-unguwa. Shi ya sa ya kafa katako mai soket jere-jere, ƙaramin janareto yana tari a bayansa, faifan sola a kan rufi. Kowace waya ya manna mata lamba da salatif, ya ba mai ita rabin kwali. A kan katakon nan iPhone da Itel kafaɗa da kafaɗa suke kwana, kuɗinsu ɗaya.

Ya san sirrin kowa. Ya san wayar Alhaji Bitcoin masu bin bashi ne suka fi kiran ta, ya san ta mai layi uku ba ta taɓa ƙara sau biyu ba. In ka tambaye shi wace waya ta fi, zai ce duk na Allah ne. In ka tambaye shi ko na'ura za ta ƙwace wa mutane aiki, zai ce to, ita ma ai sai ta ci wuta.

Abu ɗaya ne ke tayar masa da hankali. Duk lokacin da aka yi maganar gyara wuta a rediyo, jama'ar benci suka ɗaga hannu suna roƙon Allah ya kawo kuran dare da rana, kowa sai ya shafa da ƙarfi. Ka dubi bakin mai caji a lokacin. Shi ma yana cewa amin, amma sai ya ƙara da "in da alheri a ciki".