Farfesan Gansakuka da Tsinken da Aka Zura Maka a Hanci

Alhaji, ajiye kofin shayin nan tukuna kada ka ƙware, don na san dariya za ka yi. Yau labarin wani Ba'amurke na kawo maka, mai digirin digirgir, da hankalinsa garau, wanda ya kwashe kusan shekara goma yana tsugunne a bakin tafasasshen ruwa, yana kankarar gansakuka yana ɗurawa a kwalba. Gwamnatin ƙasarsu kuma ita ke biyan kuɗin aikin. Sunansa Thomas Brock.

Na ji abin da ka ce. "Ƙoshi ne ya yi musu yawa." Hajiya ma daga ciki ta jefo tata, wai da ɗanta ne da tuni an kai shi an yi masa ruƙiyya. Ku yi ta yi, ina nan ina tara muku.

An haifi Brock a birnin Cleveland na jihar Ohayo a 1926. Ya taɓa aikin sojan ruwa, ya kammala digirin digirgir a 1952, ya samu aiki a kamfanin magunguna na Upjohn, inda ake neman magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Ga albashi, ga kujera, ga inuwa. Shekara biyar ya yi, ya tattara takardunsa ya koma koyarwa. A garinmu da an tara masa dangi, kawu ya zo daga ƙauye musamman don ya tambaye shi ko wani ne ya sa masa hannu. A 1960 ya sauka a Jami'ar Indiyana, a nan ne kuma abin da ke cinsa a rai ya fito fili.

Abokan aikinsa suna nazarin bakteriya ne a cikin ɗakin gwaji. A kamo ta, a sa ta a faranti, a ba ta romo mai kyau, a rufe, sannan a rubuta littafi a kan halinta. Shi kuwa Brock gani yake wannan kamar ka kama kurciya ka sa a keji ne, kana ba ta gero safe da yamma, ka ce ka san yadda take rayuwa a daji. Yana so ya je ya tarar da ƙwayoyin nan a gidajensu: me suke ci, wa ke maƙwabtaka da wa, wa ke cin guminsa, wa ke cin na wani, zafi nawa suke iya ɗauka. Ilimin zaman ƙananan halittu da muhallinsu ke nan, kuma a 1966 ya fitar da littafi sukutum a kansa.

Malam na can gefe ya gyara hula ya ce, "Wai wa ya taɓa ganin ƙwayoyin nan da idonsa?" Malam, da me aka yi miyar da ka sha jiya? Kalwar da aka dafa aka lulluɓe kwana biyu ko uku har ta zama daddawa, kana zaton warin nan daga sama ya faɗo? Ma'aikata ne a ciki, ba sa karɓar lada. Su ne ke mayar da madara kindirmo, danginsu ne kuma ke aiki a cikin rijiyoyin marina na Ƙofar Mata har baba ya kama zane. Kakanninmu sun iya kiwon su tun ba su san da su ba. Kai kana cin aikinsu sau uku a rana, sannan kana neman shaida.

To, a 1964 Brock ya bi ta gandun Yellowstone, wanda yawancinsa ke jihar Wayomin, inda ƙasa ke feso ruwan zafi ta ɗaruruwan maɓuɓɓugai. Masu yawon buɗe ido suna kallon ruwan da ke tsiri sama suna tafi. Shi kuwa ƙasa ya duba, wajen 'yan magudanan da ruwan ke bi idan ya malalo. Sai ya ga launi shimfiɗe kamar an baza atamfa: kore a nan, ruwan goro a can, ɗorawa a gaba, kowane launi ya tsaya a iyakarsa daidai da yadda ruwan ke hucewa. Kusa da bakin wata maɓuɓɓuga kuma, inda zafi ya haura digiri 80, ga wasu zare-zare masu ja-ja suna kaɗawa a cikin ruwan kamar gezar rawani.

Littattafan wancan zamani sun ce rai ba ya wuce wajen digiri 73. Su zare-zaren nan ba su karanta littafin ba.

Kada ka ce mini ai ka yi wanka a Wikki ta Yankari ba abin da ya same ka. Ruwan Wikki digiri 31 ne, ruwan wankan jariri. Wannan da ake magana, in ka tsoma yatsa sai dai a kai ka asibiti.

Dabarar da ya yi ta tabbatar da abin ita ce ta fi burge ni, don ko ɗan firamare zai iya ta. Ya samu 'yan ɓallayen gilashin nan da ake ɗorawa a ƙarƙashin madubin likita, ya ɗaure su da zare, ya zura cikin maɓuɓɓugar da ke tafasa, ya tafi abinsa. Wurin tudu ne ƙwarai, don haka ruwa na tafasa tun a wajen digiri 92. Bayan 'yan kwanaki ya dawo ya jawo zaren kamar mai fatsa. Gilashin da ya shiga fes ya fito da dafifin ƙwayoyi manne a jikinsa, sun zauna, sun hayayyafa, a cikin ruwan da ke dafa ƙwai. Gani ya kori ji.

A watan Satumba na 1966, shi da wani ɗalibinsa da ko digirin farko bai gama ba, Hudson Freeze, suka ɗebo gansakuka daga wata maɓuɓɓuga mai zafin wajen digiri 70. Yaron ya yi ta fama da ita a ɗakin gwaji har ya ware wata bakteriya mai launin ɗorawa wadda ba ta jin daɗin duniya sai a irin wannan zafi. A 1969 suka raɗa mata suna Thermus aquaticus, wato dai 'yar zafi mazauniyar ruwa. Brock ya aika da irinta wata ma'ajiya da masana ke ajiye ƙwayoyi, duk mai so ya aiko da 'yan kuɗi kaɗan a ba shi. Ya kama gabansa. A 1972 ma ya sake bayyana wata, Sulfolobus, wadda ita zafi kaɗai bai ishe ta ba, sai ta haɗa da ruwa mai tsamin asid.

"To, sai me? An ci ne ko an sha?"

Madalla da wannan tambaya, Alhaji, daman ita nake jira. Amsar gaskiya ita ce shekaru suka shuɗe ba a ci ba, ba a sha ba. Da ka tare Brock a lokacin ka ce ya faɗa maka amfanin 'yar ɗorawar nan, da sai dai ya sosa ƙeya.

Sai a 1976 wasu masana a Jami'ar Cincinnati suka ciro wani sinadari daga jikinta, wanda aikinsa kwafar DNA ne. Aka ce masa Taq, an gutsuro daga sunan uwarsa. Shi ma ya zauna a kan kanta yana shan ƙura. A 1983 kuma wani mai suna Kary Mullis, ma'aikacin kamfanin Cetus a Kalifoniya, ya ƙirƙiro hanyar da ake kira PCR. Bari in warware maka ita da harshen kasuwa. DNA igiya ce mai tufka biyu. In kana son kwafinta, dole ka warware tufkar, a wannan hanyar kuma zafi na wajen digiri 95 ne ke warware ta. In ta warware, sai magatakarda, wato sinadarin da ke kwafar, ya bi kowane sili ya tufka masa abokin zama. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu. Zagaye talatin, ka haura biliyan ɗaya. Na ga idonka ya yi haske. A'a, ba ya aiki a kan naira, kuma masu ninka kuɗin da suka taɓa wanke ka ba da shi suka yi amfani ba.

Matsalar ita ce magatakardan farko daga bakteriyar hanji aka samo shi, ɗan gata ne, zafin jikin mutum kawai ya sani. Da an ɗaga wuta sai ya dahu. Dole wani bawan Allah ya tsaya a kan kwalabe, kowane zagaye ya buɗe ya ɗiga sabo, sau talatin, kamar mai kiwon jaririn da ba ya barci. Sai aka tuna da 'yar Yellowstone. Magatakardanta a tafasa aka haife shi. Aka zuba shi sau ɗaya, aka rufe, aka bar inji yana ɗaga wuta yana saukewa, shi kuwa ko gezau. Zuwa 1988 an buga sakamakon, aikin da ke cin yini da gumi ya koma na danna maɓalli.

Yanzu matso kusa. Ka tuna lokacin korona, da za ka tafi Umara? Ka tuna yarinyar nan mai farar riga da takunkumi da ta ce ka ɗaga kai, ta zura maka tsinken auduga a hanci har ka ji kamar ya taɓo tunaninka? Ni dai da aka yi mini, hawaye suka zubo ta ido ɗaya, na yi atishawa uku a jere, ta ce "Sannu Baba" da muryar wadda ta saba ganin manya suna kuka. Wancan tsinken, inda aka kai shi, sinadarin zuriyar 'yar ɗorawar Brock ne ya karanta shi. Na san ka ce korona ƙarya ce, ba kuma zan ja da kai yau ba. Amma ka biya kuɗin gwajin, ka rungume takardar a ƙirji har filin jirgi kamar takardar filinka.

Ba korona kaɗai ba. Injin da ke gano tarin fuka daga majina cikin 'yan sa'o'i, gwajin da ke tabbatar da zazzaɓin Lassa, wanda ake yi wa jariri don a san ko ya ɗauki cuta mai karya garkuwar jiki, duk wannan hanya ce. Har da gwajin nan na sanin uban yaro da ake ta cece-kuce a kai. Wannan kam bari in ja bakina, Hajiya na saurare.

Nan kuma zan ba ka maki ɗaya, don ba na cin zalin abokin gardama. Ka tambaya nawa Brock ya samu. A 1991 kamfanin Roche na Suwizalan ya sayi haƙƙin mallakar PCR a kan dala miliyan 300. A 1993 Mullis ya karɓi kyautar Nobel. Wanda ya tsuguna a bakin ruwa tururi na dukan fuskarsa bai ga ko sisi daga cinikin ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 2013 aka kira shi tare da Freeze aka ba su wata lambar yabo ta Dinyar Zinariya, wadda ake bai wa binciken da gwamnati ta kashe wa kuɗi, ya yi kama da shirme, daga baya ya yi ƙwai. Ka ga ashe su ma can suna da irinka, har sai da aka ƙirƙiro kyauta don a rufe musu baki.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, tambayar nan taka ba a bakin mai shayi ta tsaya ba. Tana zaune a kan kujerun da ake raba kuɗin bincike. Malamin jami'a ya zo yana son ya san abin da ke rayuwa a cikin kududdufi ko ƙasar jigawa, sai a miƙo masa fom: rubuta ribar da za a samu nan da wata goma sha biyu. Da Brock ya cike irin wannan fom da gaskiya, da ko kuɗin zaren ɗaure gilashi bai samu ba.

Shi dai bai nuna abin ya dame shi ba. Ya koma Jami'ar Wiskonsin a 1971, ya karkata ga nazarin tafkin Mendota, ya rubuta tarihin masanin ƙwayoyin cuta Robert Koch. Littafin karatun da ya fara fitarwa a 1970 har yau ana sabunta shi da sunansa a bango. In 'yarka na karanta ilimin ƙananan halittu a jami'a, leƙa jakarta, wataƙila ka tarar da shi, ko dai hotonsa da aka ɗauka shafi-shafi a shagon bakin ƙofa. Da ya yi ritaya, shi da matarsa Kathie suka kama wani fili suna sare ƙayoyin da suka mamaye shi, suna cinna masa wuta da lissafi don ciyawar asali ta dawo. Ya rasu a watan Afrilu na 2021 yana da shekara 94, daidai lokacin da duniya ke layi ana zura mata tsinke.

Saura ƙiris in manta. Bayan duk wahalar zuwa Yellowstone, Brock ya ɗebi ruwa daga tankunan dafa ruwa na gidaje da na shagunan wanki, ya duba. Sai ga dangin 'yar ɗorawar zaune a ciki, hankali kwance. Don haka, Alhaji, hitar nan ta banɗakinka da kake taƙama da ita, ba mamaki kana da 'yan haya da ba ka sani ba. Kada ka tashi neman mai gyaran famfo, ba sa cutar da kowa. Ko da yake, da irin wutar da ake kawo wa unguwarku, ina jin tuni sanyi ya kore su.