Da Allon Lido Nake Magana

Jama'a, kada kowa ya kalle ni, ni da allon lidon nan nake magana. Ban kama sunan kowa ba. In kuwa an ga wani yana gyara zama, to mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Allo, kai ne shaida. Gida huɗu gare ka: ja, kore, shuɗi da ruwan ɗorawa, kowane gida da 'ya'yansa huɗu. Mu ma mu huɗu muka ƙulla, biyu-biyu, duk Asabar da Lahadi ƙarfe 4:30, bayan an idar da la'asar. Ba a tilasta wa kowa ba, kowa da bakinsa ya ce ya yarda. Amma kullum sai ka ga uku a kan tabarma, gida guda kuwa 'ya'yansa na kwance a ciki. Ba siki ne ya ƙi fitowa ba, mai jefa musu ne bai iso ba. Lidon mutum uku kuwa kowa ya san ba ya daɗi: ko biyu su taru a kan ɗaya, ko ɗaya ya riƙe gida biyu, yana kaɗa wa kansa yana kaɗa wa wanda ba ya nan.

A kira waya, sai a ji "ga ni nan a kan kwana." Kwanar nan har yau ba a gama shan ta ba. Jiya gosulo ne a Kawo, shekaranjiya mashin ya yi faci, makon jiya caji ya ƙare. Sai rana ta yi ja a shigo da sallama ana karkaɗe riga, ana "a yi haƙuri, 'yan uwa." Tsakanin la'asar da magariba awa nawa ne? Kafin kowa ya fitar da 'ya'yansa, a fara cin juna, wasa ya ɗau zafi, ladan ya kira, an naɗe tabarma.

Abin da ke ci mini rai shi ne, an san lokaci sarai. Ranar da Real Madrid za ta kara da Barcelona, tun alƙalin wasa bai busa usur ba an kama bencin gaba a gidan kallo. Ranar tafiya Abuja, tun ba a fara duba tikiti ba an isa tashar Rigasa, don an san jirgin ƙasa ba ya jin "ga ni nan." Ashe ƙafa tana da sauri. Mu ne dai aka auna aka ga muna da arha.

A cikinmu akwai telan da ke kashe kekensa da ɗinkin biki jibge a kan teburi. Akwai mai a-daidaita-sahun da ke ajiye abin hawansa daidai lokacin da 'yan kasuwa ke tashi, fasinja na ɗaga hannu yana wucewa. Kowannensu kuɗi ya bari ya zo, don zaman nan ya wuce lido. A nan muke jin wanda ke kwance a asibiti, da wanda aka yi wa haihuwa, da wanda za a haɗa wa gudummawa. Alƙawari kaya ne, kuma uku sun gaji da ɗaukar na mutum huɗu.

Saboda haka daga Asabar mai zuwa, 4:30 tana cika za a kaɗa a jefa. Ga samari nan sun daɗe suna kallo ta bayan kafaɗarmu, hannunsu na ƙaiƙayi. Wanda aka samu a wurin shi ne mai gida. Wanda ya makara a amsa masa sallama, a matsa masa, ya yi kallo har a tashi.

Ba korar kowa ake yi ba. Wallahi akwai hannun da in yana kan allon nan wasa ya fi armashi, dariya ta fi yawa, shi ya sa ma ake jin ciwon rashinsa. Wanda ake so ake wa faɗa. Ya zo a kan lokaci ya cinye mu duka, mun yarda.